Masarar Jakada

Jakada ya jijjiga kwaɗon sito, ya juyo ya yi wa masu ɗaukar hoto murmushi. Buhu dubu huɗu na masarar agaji ne a ciki, kuma ya rantse ko ƙwaya ba za ta fita ba sai ƙasashen nan biyu sun daina kashe juna a kan gaɓar kogin da kowace ke cewa gadonta ce. Dabara ce mai kyau, musamman ga wanda ya karya kumallo.

Makulli yana hannun mai kula da sito, wani dattijo marar fara'a da 'yan gudun hijira suka laƙaba wa Dutse. Yayarsa tana sansanin bayan katanga da jikoki biyar, ƙaraminsu har ya daina kuka don yunwa. Ranar da ta durƙusa gaban jakada, Dutse da kansa ya fitar da ita.

"Yaya, ki koma. Doka ce."

Abin ya burge jakada. Duk Talata yakan zaga layukan buhu, hannu a baya, bai taɓa ko ɗaya ba, ai taɓa buhu aikin lebura ne. Ya yaba da tsabta, babu ɓera babu ƙwaro. Ya yaba da yadda Dutse ke yini da basilla yana gyara bakin buhu, har ya amince amalanke ta riƙa shiga da fita saboda gyaran daɓen da ya ƙi ƙarewa. Mutanen sansani ne kawai suka ɓata masa rai: wata biyar, sun ƙi ramewa yadda rahoto ya tsara. Ya rubuta wa gida cewa akwai su da taurin rai.

Sai da yunwa ta kai barikin soja sannan ministocin ƙasashen biyu suka tuna su 'yan'uwa ne. Aka sa hannu a takardar sulhu a ƙofar sito, aka tafa. Yayar Dutse tana gefe, jikan nan a goye yana ta ƙiriniya.

Aka miƙa wa jakada wuƙa ya buɗe buhun farko, Dutse ya sunkuyar da kai.

Jakada ya farke buhun, sai ga yashin gaɓar kogin da aka gama yaƙi a kanta yana zuba a kan takalmansa, don masarar tuni ta ƙare a tukwanen sansani.