Gawon Gonar Aro

Tun da ka ce mutanen da suka sauka unguwarku sun fara tsone wa wasu ido, kuma kai ake kawo wa ƙara, zauna ka ji wannan misali.

An yi wani manomi a wani ƙauye, mutum mai rufin asiri, hatsinsa bai taɓa ƙarewa kafin kaka ba. Gabas da gonarsa akwai wata saura da ta gaji, ƙasarta ta yi fari fat, ko tumaki ba sa tsayawa a ciki. Wata shekara sai ga wani baƙo daga arewa, shi da iyalinsa a bayan motar kaya, rairayi ya binne musu gonaki. Ya je ya faɗi gaban dagaci. Dagaci ya ba shi aron saurar, ya kuma gaya masa ƙa'idar garin: gonar aro shuka ake yi mata, ba a dasa mata itace, domin wanda ya dasa itace ya fara cewa ƙasar tasa ce. Manomin ya ji labari ya yi dariya, har ya ara wa baƙon garma don tausayi.

Da farko ba abin da ya dame shi. Ya dai lura in kowa ya yi sassabe ya ƙone, ya bar gonarsa tas, shi baƙon sai ya riƙa bin tohon da ke fitowa nan da can, ya rage masa rassa, ya bar mai ƙarfin ya miƙe. Manomin ya ce ragwanci ne. Damina ta bi damina, toho ya zama gawo da kalgo da magarya. Ganye ya zuba ya ruɓe, ƙasa ta yi duhu, iska ta daina binne shuka, geron gindin gawo ya fi mutum tsawo. Shi kuwa manomin, da takin buhun da ya saya da tsada, sai ya tsaya a kan iyaka yana auna zangarniyar baƙo da tasa da ido. Ba lalacewa tasa ta yi ba, yadda ta saba haka take. Amma tuwo ya daina yi masa daɗi. In ya ji akuyar baƙo ta haihu, sai ya ji kamar daga garkensa aka ɗauka. Ranar da baƙon ya sayi babur, yini ya yi bai kula kowa ba, da la'asar ya aika a karɓo masa garmarsa, alhali yana da wasu jingine a zaure. "Mutumin da ya zo da tabarma da tukunya!" Abin da yake ta faɗa wa kansa ke nan.

Dagacin kuwa taubashinsa ne, don haka ya ga hanya a buɗe take. Ya je ya ce baƙo ya karya ƙa'ida, ya cika gonar aro da dashe, a karɓe ta a ba ɗan gari, kuma ba sai an je nesa neman ɗan garin ba tun da iyakarsu ɗaya. Dagaci ya dube shi ya ce, "Taubashi, in fura ka zo sha, shiga ciki, ba a hana bawa furar ubangidansa. In kuwa ƙara ka kawo, ɗauko digarka mu haɗu a gonar."

Gari ya taru. Baƙon yana tsugune a gefe, yana ta cewa, "Ranka ya daɗe, wallahi ban dasa ba," domin in aka karɓe gonar nan ba shi da garin komawa. Dagaci ya ce ba sai an yi rantsuwa ba, dashe saiwarsa ƙarama ce, mai ƙara ya zaɓi itacen da ya ga dama ya tona da hannunsa. Manomin ya nufi gawon da ya fi ci masa rai. Bai yi nisa ba diga ta daki wani tsohon kututture, baƙi ƙirin, kauri kamar turmi, da tabon gatari a kansa, gawon kuma daga jikinsa ya fito. Ya koma wani itacen, haka. Ya sake wani, gumi yana shigar masa ido, haka. Wani tsoho ya leƙa ramin ya ce ai ya san itacen nan, kakan manomin ne ya sare shi lokacin da aka rungumi noman gyaɗa. Dagaci ya ce, "Taubashi, ko mu ƙara wani? Na ga aikin ya karɓe ka." Aka fashe da dariya.

Da aka natsu, dagaci ya ce itatuwan nan sun riga baƙo zuwa garin, sun ma girme shi, shi dagacin kansa. 'Yan gari ne suke sare su kowace shekara, baƙo bari kawai ya yi suka rayu. Sannan ya ce tun da an tara masa shaidu haka, ba zai bar maganar ta sake tashi bayan ransa ba: aro ya ƙare, gona ta zama ta baƙo, shi da 'ya'yansa. Aka shafa fatiha manomin yana tsaye cikin rami har gwiwa. Da bai kai ƙara ba, da har yau gonar aro ce. Shi ya sa Hausawa suke cewa, hassada ga mai rabo taki ce.