Sifirin a Ƙarƙashin Marsandi

"Almu, ka cuce ni!" Alhaji Sagir ya daka wa bakaniken tsawa, har masu shayin Ƙofar Marusa suka waiwayo.

Ya sake leƙa ƙarƙashin baƙar Marsandin. Balan-balan ɗin iskar da ke sa mota ta yi laushi kamar katifa babu su, an jera mata sifirin irin na a-kori-kura. Motar da ya sayar da gona ya saya a gwanjon sojoji, dab da za su miƙa mulki!

"Alhaji, ka saurare ni."

"Rufe mini baki! Faci na ce ka yi, ba ka mai da ni direban itace ba!"

"Sifirin ya fi araha da jure ramuka, amma wannan motar..."

Araha! Kalmar ta ƙona masa rai. Ya wawuri sifana ya maka wa gilashin gaba, ya tarwatse.

Almu ya nuna bayan rumfa. "Taka ga ta can, ban taɓa ta ba. Iri ɗaya ne."

"To wannan ta wace ce?"

"Tawa ce," in ji wata murya a bayansa. "Ni na ce a sa, saboda hanyoyin ƙauye."

Sagir ya juya. Sabon ciyaman ne, yana kakkaɓe ɓarɓashin gilashi daga rigarsa.

"Alhaji Sagir, ba kai ne jiya ka roƙi in damƙa maka kula da motocin ƙaramar hukuma ba?"