Mai Harkar Gwangwan

"An samu mai saye," in ji manaja. "Harkar gwangwan yake yi."

Bakaniken ya koma gida ya ce wa matarsa, "Share hawayenki, uwar yara, aiki zai dawo."

Tun da aka rufe masana'antar bai fasa zuwa ba. Kullum sai ya shafa wa injin liƙe murfin gwangwani giris, don kada tsatsa ta ci shi.

Da baƙon ya iso, bakaniken ya juya injin da hannu. "Ka ji, Alhaji? Ko ƙara babu."

Baƙon ya ƙwanƙwasa ƙarfen, ya sa aka shigo da sikeli.

"Malam, kai ka san notocinsa, kwance min shi. Ka goge giris ɗin nan tas. Ba na sayen maiƙo a kilo."