Farar Goɗiyar Yaya Shahzeb

"Yaya Shahzeb, saki wuyanta mana, ango ne fa kai!" na ce, ina dariya har da hawaye.

Yayana ko jaki tsoronsa yake ji. Amma baban amarya, Malik Tanwir, ya rantse sai ango ya zo kan farar goɗiya. Ga mu a titin birnin Multan na Pakistan ana kiɗa, muna tura goɗiyar katako bisa tayoyi, lulluɓe da furanni har ƙasa. Daga lilon wurin wasan yara muka sayo ta, bayan kamfanin biskit mai ɗaukar nauyinsa ya karye.

Malik Tanwir ya ɗaga furannin, ya ga tambarin kamfanin biskit ɗin a cinyarta. Muka yi tsit.

Sai ya rungume ta. "Duk dukiyar kamfanina, ke kaɗai kika dawo gida! Ango, sauka, ni zan hau!"