Littafin da Ba a Kira Ba

Tun da aka kafa dokar, duk ƙagaggen labarin da abin da ke cikinsa ya auku da gaske, sai a miƙa littafin ga hukuma. Kowace Litinin rediyo ke karanto sunayen waɗanda aka kira.

Malam Tanimu ya ƙare ƙuruciyarsa yana tara irin waɗannan littattafai a Funtuwa, shi da marigayiya matarsa Ladidi. Na tafiya duniyar wata aka fara kwashewa, sai na injinan da ke tunani. Bana an shiga kantar na ban tsoro, har ta kusa zama wayam.

Yau ya zo ofishin hukumar da guda uku a leda. Ma'aikaciyar, Rakiya, ta buga wa biyu hatimi ta jefa a kwando. Na ukun ta jujjuya shi, ta duba allonta.

"Baba, wannan ai ba a kira shi ba. Ku koma da abinku."

"Na sani, 'yata."

"To me ya sa kuka ɗauko shi?"

Ya shafa bangon, daidai inda yatsun Ladidi suka bar tabon manja.

"Labarin wani gari ne da matattu ke dawowa gida da hantsi, su yi sallama, su zauna a tabarmarsu. Ita tsoronsa take ji. Ni ma a da haka nake."

Rakiya ta miƙo masa littafin.

Ya matso, ya rage murya. "Ke da kike ciki, ba ki ji ko an kusa kiransa ba?"