Malamin Auta

Malamin ya sake lasar yatsa zai buɗe shafi. Mai Yadi ta kau da kai ta tofar da yawu a kwata.

Tun rasuwar mijinta ta rantse 'yarta Auta ba za ta yi wa kowa aiki ba sai ta zama nas. Karatu kawai, ita za ta riƙe gidan da shagon yadinta. Da jarrabawa ta matso, yarinyar ta ce Turanci ke ba ta wuya, ta kawo wannan mutumin. Mai Yadi ta zaunar da shi ta ja ciniki yadda take yi da dillalai, har ya yarda da abincin rana kawai a matsayin lada. Ko musu bai yi ba. Ta ba maƙwabta labarin har suka gaji da ji.

Yanzu kuwa ganinsa ma tayar mata da zuciya yake. Farce baƙi ƙirin, safa mai tsami a bakin ƙofa, in ya ci ya goge hannu a labule. Auta na shigowa sai ya miƙe zumbur yana washe haƙora, ƙato da shi, har da furfura.

Karatun ma kalma biyu ne kullum, "since" da "for". Auta ta taɓa yi mata bayani: ɗaya ta lokacin da abu ya fara, ɗaya ta tsawon da ya ɗauka. Ita da ko sunanta da ƙyar take rubutawa ta gane nan take, su kuwa sun share makonni a kai. Ta taga take jiyo Auta tana ta zuba har muryarta ta dishe, shi sai gumi da gyaɗa kai. Wane irin malami ne wannan?

Ranar da Auta ta buga tebur don takaici, Mai Yadi ta yaye labulen ta shiga.

"Tattara komatsanka. 'Yata ba za ta faɗi jarrabawa saboda ƙazami malalaci ba."

"Mama, tsaya ki ji..."

"Ke rufe min baki."

Mutumin ya zube gwiwa biyu a kan tabarma, ya haɗa hannuwan nan masu maiƙo.

"Hajiya, ki yi min rai. Jibi zan zauna jarrabawar ƙarin girma a wurin aiki. In kin kore ni, ina zan sami wata malamar kamar 'yarki?"