Ɗari da Goma Sha Tara

Yau ne wata ukun da likita ya ɗibar wa wani tela don ya rage ƙiba suka cika. Ya zubar da kilo tara, ga shi yana sassarfa a kan injin gudu. Mai horar da shi tana gefe, idonta a kan allon da ke nuna bugun zuciyarsa.

"Malama," ya ce yana haki, "aurenki nake so."

Ko kallonsa ba ta yi ba. "Ɗari da sittin. Ba na ɗaukar maganar wanda bugun zuciyarsa ya haura ɗari da ashirin. Har mota an taɓa yi min alkawari don in kashe injin nan."

Ta rage gudun. Minti goma yana takawa, har lambar ta sauko casa'in. Injin ya tsaya, hannuwansa suna kan ƙarfen da ke auna bugun.

"To, maimaita."

Ya maimaita yana tsaye cak. Lambar ta soma hawa: ɗari, ɗari da takwas, ɗari da goma sha tara.

Ta daɗe tana kallon allon, sannan ta miƙa masa tawul.

"Saura ƙiris ka wuce. Baffana yana gida ranar Asabar."